Yatsu Huɗu

Ranar da mai zane ya zo da takardarsa, a kan cinyar Baba aka shimfiɗa ta, domin Manaja ya ce gidan ubansa ne, ko bulo ɗaya ba za a cire ba sai da yardarsa. Baba yana zaune a kekensa a ƙofar gida, inda yake wuni tun da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ya danne takardar da hannunsa mai rai, ya zuba wa layukan ido. Shi tsohon direban bas ne, ya san hanya, ya san kwana, amma bai taɓa ganin gida an cire masa rufi an kwantar da shi a takarda ba.

"Nan ɗakinka ne, Baba," in ji mai zane yana nunawa da bakin biro. "Yana kallon titi. Tagar ƙasa-ƙasa ce, kana zaune kana ganin kowa. Ga banɗaki a ciki. Nan kuma babu matakala, gangare ne har bakin hanya."

"Wannan ƙwallon fa, na tsakiyar ɗaki?" Baba ya tambaya da harshensa mai nauyi.

"Ba ƙwallo ba ne, da'ira ce. Wurin da kekenka zai juya ke nan bai taɓa bango ba."

Mai zane ya ciro tef ya auna keken daga taya zuwa taya, ya rubuta. Keken ba ya naɗewa, domin tun da ya karye mai walda ya ɗaure shi da ƙarfe ya ce ko giwa ta hau ba zai lotsa ba. Baba ya daɗe yana kallon da'irar, sannan ya yi dariya da rabin bakinsa.

"Na ƙare rayuwata ina neman wurin juya mota ana zagina. Yau ga nawa na kaina."

Manaja ya yi dariya, Auta, ƙanwarsa da ke aure a wata unguwa, ta share ƙwalla. Baba ya ce a rushe gidan, Allah Ya sa albarka.

Kafin a fara aiki aka mayar da shi ɗakin baya, tsohon ɗakin ajiya, wanda shi kaɗai ba za a rushe ba. An ce na ɗan lokaci ne. Ɗakin yana da faffaɗar ƙofa mai kallon tsakar gida, don haka Baba bai damu ba. Da safe in mai jinya ya zo ya yi masa wanka, sai ya turo shi bakin ƙofar, ya wuni yana kallon leburori suna dama siminti, yana tsokanar mai baro wai ba shi da lasisi. Da la'asar a gewaya da shi ta tsakanin tulin yashi zuwa titi, abokansa su zo a yi ta musun duniya har magariba.

Ginin ya kai taga sai ga mai adon gida. Ƙawar surukar Baba ce, wato matar Manaja, mace mai tsayin takalmi da waya cike da hotunan gidajen mutane. Ta tsaya a tsakiyar falo, ta juya, ta ce wannan ai keji ne, kujerun da aka zaɓa ba za su yi numfashi a nan ba. Ta dubi gangaren da aka fara zubawa a gaba, ta ce kamar ƙofar asibiti. Gida irin wannan ginshiƙai yake so da matakala, in baƙo ya zo ya san ya zo.

Ba a ɓoye wa Baba komai ba, a gabansa aka tsaya ana maganar, sai dai an juya masa baya. Da zane na biyu ya iso, a kan bonet ɗin motar Manaja aka shimfiɗa shi.

"Baba, an ɗan yi gyara," Manaja ya ce da yamma, yana tsugune, makullin mota a hannu. "Ɗakin gaba ya shige falo. Wannan da kake ciki za a gyara maka, a yi fenti, a sa tayil. Ya ma fi shiru. Likita ya ce hayaniya ba ta yi maka ba."

"Wane likita?"

Wayar Manaja ta yi ƙara, ya miƙe yana cewa yana zuwa. Bai dawo ba ranar.

A sabon zane babu tsakar gida. Kicin ya cinye rabi, matakalar bene ta cinye saura. Faffaɗar ƙofar Baba za a toshe ta, a buɗe masa wata a bangon gefe, mai fita cikin wani siririn lungu da ya bi bayan kicin. Wata safiya birkila ya fasa bangon gefen, ya kafa firam na ƙarfe, sannan ya dawo ya ja igiya a bakin tsohuwar ƙofa ya fara jera bulo. Baba yana ciki a kan kekensa. Ya ga layin farko ya rufe ƙafafun leburori, na gaba ya rufe gwiwoyinsu.

"Ɗana," ya ce, "keken nan zai wuce ta waccan kuwa?"

Birkila ya dubi keken, ya dubi firam, ya sosa ƙeya. Ya ciro takarda daga aljihun baya, duk ta sha siminti.

"Baba, ga shi a rubuce, ƙofofin ciki duk awo ɗaya ne, tare aka sayo su. Ni abin da ke takarda nake ginawa. In da gyara sai dai Manaja ya faɗa."

"To kira shi."

Aka kira, aka ce yana taro. Birkila ya ɗan jira, ya ga kwaɓin yana neman bushewa, ya ce Baba ya yi haƙuri, siminti ba ya jiran mutum. Ya ci gaba. Bulo ya kai ƙirji, ya kai wuya, har ya rage wani ɗan tsagi na sama, shi ma aka cusa masa siminti aka shafe. Ɗakin ya yi duhu da tsakar rana, mai jinya ya kunna fitila.

Da suka gwada, tayoyin suka daki firam ɗin hagu da dama. Mai jinya ya ja baya, ya karkata, ya sake turawa. Ya ɗora hannunsa a kan abin da ya yi saura, ya ce, "Yatsu huɗu ne kawai, Baba."

Yatsu huɗu. Baba ya dubi nasa na hannun dama, ya haɗe su, ya ga ashe ba wani abu ba ne. Ya ce ba komai, in yaron ya dawo za a gyara.

Manaja ya dawo, ya tsaya a lungu ya riƙe ƙugu, ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce wannan sakaci ne, sai ya ga mai zane. Bayan kwanaki ya dawo da magana mai tsawo.

"Baba, abin ba kamar yadda muke gani ba ne. Wannan bangon yana ɗauke da bene. Kuma zanen an kai shi an buga masa hatimi, in aka taɓa sai an koma an sake bin layi. Zane ba a taɓa shi haka kawai. Ka bari a gama, sai a zauna a duba."

Baba ya ce to. Shi da ya yi shekaru yana bin dokar hanya ko da babu ɗan sanda, ya san akwai abin da ba a tsallakewa. In an ce takarda ta hana, ta hana.

Aka ce kafin nan a riƙa ɗaukarsa. Baba ƙato ne, ciwon ma bai rage masa ƙashi ba. Mai jinya ya kama hammata, wani lebura ya kama ƙafafu, suka shiga lungun da shi a kaikaice kamar katifa. An ɗaga daɓen sabon gini sama da na tsohon ɗaki, don haka akwai matakala biyu a bakin ƙofar, ga kwana a ƙarshen lungun. A kwanar lebura ya yi tuntuɓe, kafaɗar Baba mai rai ta daki bango, zaninsa ya kwance a gaban masu fenti. Babu wanda ya yi dariya, kowa ya kau da kai, kuma hakan ya fi dariyar zafi. Suka zaunar da shi a kujerar roba a waje, ya kasa zama daidai, yana ta zamewa gefe ana gyara shi. Da aka mayar da shi ya ce kada a sake. Ba a kuwa yi masa musu ba.

Manaja ya sayo ƙaramin keke mai naɗewa, ya kawo shi da ledarsa, kowa ya yaba masa. Ƙugun Baba bai shiga ba. Da aka matsa shi ya shiga, keken ya wuce ƙofa ya tsaya a matakala, da aka ɗaga shi ya hau, ya kasa shan kwanar lungun. Aka naɗe shi aka ɗora a kan kabad, ya zama shaida cewa an yi ƙoƙari.

Matakalar bene ta tashi ta jingina da tagar ɗakin, aka toshe tagar, aka bar wata 'yar kafa can kusa da silin wadda ko kan kyanwa ba zai shiga ba. Aka yi fenti fari, aka sa tayil mai sheƙi, aka rataya fanka. Mai adon gida ta leƙo sau ɗaya daga bakin ƙofa, ta toshe hanci da gefen mayafi, ta ce a sa labule ruwan toka a inda tagar take a da, don ido ya samu wurin sauka. Aka sa. Baba yana da labule yanzu, in an yaye shi bango ne.

Aka gama gida, aka tare. Masu wucewa suna tsayawa su kalli ginshiƙan, suna cewa Manaja ya yi wa ubansa gata, Allah Ya ba mu 'ya'ya irinsa.

Abokan Baba sun zo da farko. Sai sun hau matakalar gaba, su cire takalma, su ratsa falo suna taka tayil kamar masu tafiya a kan ƙwai, su wuce ta gefen kicin inda mata ke aiki, su bi lungu ɗaya bayan ɗaya. A ɗakin babu wurin zaman mutum uku. Mai walda ya dubi ƙofar, ya dubi keken da ya ɗaure da hannunsa, ya ce shi zai iya yanke firam ɗin nan kafin shayi ya huce. Surukar ta ji daga kicin, ta leƙo da ladabinta.

"Wallahi Baba mai walda, ni ba ruwana da harkar gini. Amma maigidan ya ce kada a taɓa komai sai mai zane ya gani."

Mai walda ya ce haka ne, gida da masu shi. Daga nan zuwansu ya fara ja baya. Mai wanki ya ce gwiwa ke damunsa, tsohon kwandasta ya ce yana jin nauyin ratsa iyalin mutane. Sai saƙon gaisuwa ta bakin mai jinya, daga baya saƙon ma ya ɗauke.

Surukar ba muguwa ba ce, kada a ɗauki alhakinta. Abinci ba ya latti, zanin gado ba ya kwana da datti. Takan durƙusa a bakin ƙofa ta gaishe shi, ta tambayi jiki, ya ce da sauƙi, ta ce Allah Ya ƙara sauƙi, ta tashi. Manaja ma yana leƙowa kafin ya fita aiki, yana ƙamshin turare, ƙafa ɗaya a lungu ɗaya a kan matakala.

"Baba, an tashi lafiya? Akwai abin da ake so?"

"Ƙofar nan."

"Tana raina, Baba. Wallahi tana raina. Bari mai zane ya dawo daga tafiya."

Da mai zane ya dawo daga tafiya, sai damina ta sauka, aka ce ba a fasa gini da damina. Ruwan da ke gangarowa daga lungu ya riƙa shigowa ɗakin, tunda shi ne mafi ƙasa a gidan, bangon ya yi baƙi-baƙi daga tushe, katifa ta ɗauki wari. Da damina ta wuce, aka ce yanzu aka gama fenti, a bari ya ɗan kwana biyu. Gyambo ya buɗe wa Baba a ƙugu saboda zama wuri ɗaya. Mai jinya ya ce jikin nan yana son rana da iska. Aka sayo wata fankar.

Auta ta zo ta ga gyambon ta fashe da kuka. Ta ce yau sai an yi wadda za a yi, ta fita fuu ta nufi falo. Baba yana jin muryarta sama-sama, sannan ta yayanta ƙasa-ƙasa, sannan shiru, sannan ƙarar cokali a faranti. Da ta dawo idonta ya bushe.

"Baba, ka ƙara haƙuri. Yaya ya nuna min zanen, abin da wuya. Kuma ka ga shi ya yi wahalar ginin nan shi kaɗai, in na matsa sai a ce baƙin ciki nake yi."

"Haka ne, Auta."

"Ai nan ma ba laifi. Ga fanka har biyu."

Mai zane kansa ya zo wata rana ɗaukar hotunan gidan, don ya nuna wa masu son irinsa. Ya ɗauki falo, ya ɗauki bene, ya biyo lungu yana neman kicin ta baya, sai ga shi ido da ido da Baba. Ya rusuna ya gaishe shi, ya rasa inda zai ajiye idonsa.

"Ina da'irata?" Baba ya ce.

"Tana nan, Baba. Tana cikin zane na farko, ban yar ba." Ya gyara tsayuwa. "Mu abin da mai gida ya ce shi muke zanawa."

"Wane ne mai gidan?"

Mai zane ya ce Allah Ya ƙara lafiya, ya ja da baya. Bai ɗauki hoton ɗakin ba.

Daga ranar Baba bai ƙara maganar ƙofa ba. Ba fushi ya yi ba, fushin ma yana son ƙarfi. Abin dai ya bar yi masa zafi, kamar yadda ɓarinsa na hagu ya bar jin tsunkuli. In an kawo abinci ya ci, in an ɗauke bai tambaya ba. Ya bar kunna rediyo. Gidan da aka gina a filinsa bai taɓa ganin samansa ba, da kunne ya san shi: nan famfo ne, nan ƙofar falo, wannan takun surukarsa ne a matakalar da ta bi ta kan tagarsa. In rana ta yi tsaka, wani ɗan haske yakan shigo ta kafar sama ya sauka a bango kamar tafin hannu, ya ɗan matsa, ya ɓace. Da farko yakan tura keken ya sa fuskarsa a ciki. Daga baya ya bar shi ya zo ya wuce. Harshensa ya ƙara nauyi don rashin abokin magana, har mai jinya ya koma amsa masa da "to" ko bai gane ba.

Wata ranar hutu da hantsi ya ji mota ta tsaya, ya ji hayaniyar maza suna "ɗaga nan, sauke can." Suka ratsa falo da wani abu mai nauyi, suka zo suka tsaya. Aka yi ta ja da turawa. Can ya ji muryar surukarsa kamar za ta yi kuka, ya ji Manaja yana waya. Ba a daɗe ba sai ga muryar da ya sani, ta birkila.

Sai guduma ta sauka.

Bangon ɗakin ya amsa, fenti ya zubo daga silin. Baba ya ɗaga kai. Guduma ta sake sauka, kusa ƙwarai, a cikin lungun nan nasa. Wani abu da ya ɗauka ya mutu ya motsa a ƙirjinsa. Ashe yaron bai manta ba. Ashe shiru ya yi don ya ba shi mamaki. Ya kama taya da hannu ɗaya, keken ya karkace, ya gyara, ya ja har tayoyin suka daki firam. Ya lalubi maɓallin rigarsa na sama yana ƙoƙarin sa shi. Yana tunanin ko mai walda yana nan a rumfarsa, ko bishiyar bakin titi ta tsira daga masu gini. Ƙura ta cika lungun, ya shaƙe ta bai yi tari ba.

"Oga, ka tabbata?" ya ji birkila yana cewa. "A takarda wannan ƙofar kicin ɗin awonta ɗaya da sauran."

"Fasa kawai, malam! Takardar mutum ne ya zana ta. Zan bar firji a waje ne saboda takarda?"

Hannun Baba ya tsaya a kan maɓallin.

Aikin bai ɗauki lokaci ba. Aka cire firam ɗin kicin, aka rage bango, firji mai ƙofa biyu ya shige, masu ɗauko shi suka yi shewa. Bene bai faɗo ba. Babu wanda ya je neman hatimi. Birkila ya biyo lungu da gudumarsa a kafaɗa zai je wanke hannu, ya ga Baba a bakin ƙofa, gwiwoyinsa a waje, tayoyinsa a ciki. Ya tsaya. Ya juya ya ɗaga murya.

"Oga, tunda guduma tana hannu, ko a haɗa da ta Baba? Abin kaɗan ne."

Manaja ya leƙo, ƙura a gashinsa, fuskarsa cike da murnar sabon kaya. Ya dubi ubansa, ya dubi agogo.

"A'a, bari dai. Wannan sai an zauna an duba zane. Kuma ƙurar ta yi yawa yau, ga Baba ba lafiya. Baba, ka ji mu da hayaniya ko? Yi haƙuri, an gama."

Baba ya saki maɓallin. Ya nemi abin nan da ya motsa a ƙirjinsa ɗazu, ya tarar ya koma ya kwanta.

Da la'asar surukar ta zo da kofin gilashi a kan faranti, jikinsa yana raɓa. Ta durƙusa.

"Baba, ruwan sabon firji ne. Maigidan ya ce kai za ka fara sha, don albarka."

Ya karɓa. Ta jira ya sa albarkar, ya motsa baki, ta ce amin. Sannan ta kama keken ta mayar da shi tsakiyar ɗaki a hankali, ta juya shi yana kallon labule.

"Bari in ja maka ƙofa, za a yi shara, kada ƙura ta dame ka."

Ta fita ta ja. Ƙofar ta rufu ruf, ko ƙara ba ta yi ba, domin an yi ta daidai da awo.